Bakin aljihun wa ake tsukewa?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, zance ɗaya ake nanata mana: wai magani ne mai ɗaci, a daure a haɗiye, sauƙi na nan tafe. Har wasu 'yan bokonmu sun karɓe shi suna yaɗawa. Ni dai ban yarda ba.

Mai wannan magana ya zo garin Maruda da rani ya sauka fadama. Injin ban ruwa fetur yake sha, kuma litar da ba ta kai naira 200 ba kafin wannan rana ta haura 1,000 a Oktoban 2024. Na ga wani dattijo tsugune gaban injinsa, ya kifa jarka yana jiran ɗigon ƙarshe ya sauka. Na ce, "Baba, ina sauran gonar?" Ya nuna mini rabinta a bushe, ƙasa ta tsattsage, ya ce kuɗin man iya nan ya tsaya. Bai gama farfaɗowa ba gwamnati ta ɗage harajin shigo da abinci na kwana 150 a Yulin 2024, daga baya shinkafa shanshera ta faɗi a kasuwa. Ya noma da tsada, ya sayar da araha. A jihar da Buhari ya ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015 ake yin haka!

Ai mun taɓa shan maganin nan. Shagari ya tsuke bakin aljihu a 1982, Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, aka karya naira, aka ce a yi haƙuri. Iyayenmu sun yi haƙurin, wasu har suka koma ga Allah ba su ga sauƙin ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda tsukewar ba ta kai ba. A 2024, shekarar da aka tsayar wa ma'aikaci naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi, an sayo wa shugaban ƙasa jirgi Airbus A330, an buɗe gidan mataimakinsa na naira biliyan 21. Da baitulmali ya ƙone kamar yadda ake faɗa, can sama za a fara jin ƙauri.

An ce kason kuɗin da ake ba jihohi ya ƙaru bayan cire tallafin, kuma gaskiya ne. To, a fito a gaya wa manoman Kalgo da Gwandu nawa ne daga ciki ya dawo fadamarsu a matsayin taki ko injin mai aiki da hasken rana, kafin lokacin zuba iri ya sake zagayowa.