Ginin Ƙasa a Birnin Dubai

A cikin watan Oktoba na shekarar 2021 aka buɗe wani babban bajen koli a birnin Dubai, aka yi wata 6 ana yinsa. Ƙasashe 192 suka zo, kowace da rumfarta inda take nuna abin da Allah ya hore mata. Da yawa sun yi tasu da ƙarfe da gilashi. Mutanen Maroko kuwa sai suka yi bangon tasu da jar ƙasa, irin ta ƙauyukan kudancin ƙasarsu.

Sun jera ɗakuna 22, wani bisa wani, har tsawon ginin ya fi ƙafa 100. Baƙo yakan fara daga can sama, ya yi ta gangarowa yana kewaya tsakar gida, yana leƙa ɗaki ɗaki har ya sauko. Ga yadda ake yin irin wannan bango: a zuba ƙasa mai danshi cikin akwatin katako, a daɓe ta da ƙarfi, a ƙara wata, a sake daɓewa, har ta yi tauri kamar dutse.

Lalle sun yi dabara. Dubai gari ne mai tsananin zafi, bangon ƙasa mai kauri kuwa yakan tare zafin rana, ba ya barinsa ya shiga ciki da wuri. Duk yaron da ya taɓa kwana a soro a watan bazara, ya kuma kwana a ɗakin kwano, ya san bambancin. Banda wannan, sai an ƙona dutse a wuta mai tsanani kafin a sami siminti, hayaƙin nan kuwa yana ƙara wa duniya zafi. Ita ƙasa ba ta bukatar wuta.

Wani zai ce ai ruwa yana cin ginin ƙasa, sai an yi ta yaɓe kowace shekara. Gaskiya ne. Su ma maginan Maroko da kankare suka yi ginshiƙan da suka ɗauki nauyin rumfar. Amma wannan bai isa a raina ƙasa a ce ginin matalauta ce ba. Da ita Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya tun kafin shekarar 1850, har yau masu koyon zanen gini suna zuwa su dubi bakan gizonsa.