Da Wane Ma'auni Za Mu Auna Taimakon Uwar da Ke Kwana a Titi?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan'uwana matasa, a kan hanyata ta zuwa Islamiyya akwai wata baiwar Allah da ta daɗe tana kwana a rumfar wani shago, da goyo a bayanta. Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce ƙwaya ce. Wata safiya na tarar ba ta nan, aka ce an kwashe ta. Unguwa ta yi hamdala, har da ni. Bayan wata uku sai ga ta ta dawo rumfar nan, ba goyo. An kai yaron gidan marayu, ita kuma an sallame ta. A takardar waɗanda suka ɗauke ta, wataƙila an rubuta cewa an taimaki mace ɗaya. To, an taimake ta kuwa?

Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da ƙwaya, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Amma a cikin masu karɓar magani, kusan ɗaya cikin ashirin ce mace. A ganina dalilin a fili yake. Uwa tana tsoron surutun mutane, ba ta da wanda zai riƙe mata yara, kuma ta san idan ta kai kanta za a iya raba ta da ɗanta.

A 2018 gwamnati ta haramta haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma haramci bai warkar da wadda ta riga ta kamu ba. A 2019 'yan sanda suka fasa gidajen mari a Kaduna da Daura, aka fito da mutane cikin sarƙa. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Dokar ci gaba ce, sai dai doka ba ta zama ɗakin kwana.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar (RA) ya ji jariri yana ta kuka da dare. Da ya bincika sai ya gano uwar tana gaggawar yaye shi ne, domin baitulmali ba ya ba yaro kaso sai an yaye shi. Da gari ya waye sai ya sauya tsarin, ya yanka wa kowane jariri kasonsa tun daga haihuwa. Ku lura, bai auna tsarinsa da yawan dirhamin da ya raba ba, ya auna shi da halin da uwa da ɗanta suka shiga. Haka nan Imamu Muslim ya ruwaito cewa wata mata mai larura a hankalinta ta nemi ganin Annabi (SAW), ya bar ta ta zaɓi inda za su tsaya, ya saurare ta har ta gama bukatarta.

Saboda haka, duk cibiya ko ƙungiyar da ta nemi zakkarku ko sadakarku da sunan waɗannan mata, ku yi mata tambaya huɗu. Shin likita ne ke duba matar, ko kuwa kulle ta ake yi? Ina ɗanta, kuma in lalura ta sa an raba su, akwai shirin mayar mata da shi? Ina za ta kwana ranar da aka sallame ta? Bayan wata shida, wa ke zuwa ya duba ko tana shan maganinta, tana da abin yi?

Ba na musun cewa wani lokaci tsare ran yaro yana wajabta a ɗauke shi. Amma wannan lalura ce, kuma lalura da gwargwadonta ake ƙaddara ta. Ruƙiyya ta shari'a ma ba ta hana zuwa asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mana sakacinmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum.