Kuben bindiga ma na'ura ce, kuma tsarinsa na iya sa hannu ya yi kuskure

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, wadda ake kira POLAC. Matashi yakan yi shekara biyar a cikinta, ya fito da digiri da muƙamin ASP. Da yawa daga cikinsu za su shafe rayuwar aikinsu da ƙaramar bindiga a ƙugu, cikin kasuwa, tasha da wurin taro. Bindigar ake kallo. Ba kasafai ake kula da abin da ke riƙe da ita ba, wato kube.

Wani zai ce me ya haɗa shafin waya da manhaja da wannan zance, tunda dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa? Gaskiya ne, mai karatu ba zai sayi kube ba. Amma shi ne ke tsaye kusa da wanda ya ɗaura shi, a layin banki ko a shingen bincike. Kuma kuben zamani ya daina zama jakar fata. Na'ura ce ta roba mai tauri, mai makulli da madanni, kuma matsalarsa irin matsalar manhaja ce.

Aikin kuben mai makulli biyu ne, kuma suna karo da juna. Dole ya hana wani fizge bindigar in an shiga kokawa ko turereniya, sannan dole ya sake ta nan take in mai ita ya buƙata. Shi ya sa kamfanoni ke raba shi mataki-mataki: gwargwadon yawan makullan da za a buɗe, gwargwadon wahalar ƙwace. Ka ɗauki cunkoson kasuwar shanu ta Wudil ranar Juma'a, inda kafaɗa ke gogar kafaɗa. A irin wannan wuri bindigar da aka soke a wando kawai, ko aka sa a kuben yadi mai laushi, amana ce da aka bari a hannun sa'a. Wasu bindigogin, irin su Glock, ba su da makullin tsaro na waje da ake murɗawa da hannu. Abin da ke rufe kunamar shi ne kuben.

Inda zancen ya fi nauyi shi ne wane yatsa ke buɗe makullin. Akwai wani sanannen kube na kamfanin Blackhawk mai suna SERPA, wanda madanninsa ke gefe, ana danna shi da ɗan ali, yatsan da ke harba bindiga. Masu ƙera shi da masu kare shi sun ce idan aka shimfiɗa yatsan a miƙe, zai sauka a jikin bindigar nesa da kunama, don haka duk wanda ya harbi ƙafarsa horo ne bai ishe shi ba. Masu suka suka ce a cikin firgici mutum ba ya shimfiɗa yatsa, lanƙwasa shi yake yi ya danna da ƙarfi, kuma da bindigar ta fito yatsan zai zarce cikin kunama. Makarantun koyar da harbi da dama a Amurka sun hana shiga da shi. Kamfanin Safariland kuwa ya ɗora aikin buɗewa a kan babban yatsa a tsarinsa na ALS, ya bar ɗan ali ba shi da aiki har sai an yi niyyar harbi.

Masu sukar sun fi gaskiya, kuma duk mai rubuta manhaja ya san dalili. Idan aka ajiye madannin goge komai dab da madannin tura saƙo, mutum dubu za su danna daidai, ɗaya zai kuskure ranar da yake sauri. Ana iya cewa laifinsa ne. Amma wanda ya tsara shafin ne ya haƙa ramin. Manhajojin banki ba don raina hankalin kowa suke sake tambaya kafin kuɗi su fita ba. Sun san hannu na rigan tunani. Bambancin kawai shi ne kuɗin da aka tura bisa kuskure ana iya bin sawunsu, harsashi kuwa ba ya dawowa.

Sai kuma ƙasa da iska. Wani ƙorafin da aka yi a kan kuben mai madanni shi ne tsakuwa ko yashi na iya shiga ƙarƙashin madannin ya cije, bindiga ta ƙi fita. Wudil gari ne na bakin kogi da ake ɗibar yashi tifa-tifa, ga ƙurar hunturu da ke toshe ramin cajin waya cikin 'yan makonni. Na'urar da aka gwada a wata ƙasa mai sanyi, a nan ya kamata a sake gwada ta, a turbuɗe ta a yashi, a bar ta a rana, a ga ko za ta buɗe.

Yawan makulli ma ba ya rufe kowace ƙofa. A 2018, a wata makaranta a jihar Minnesota ta Amurka, wani yaro ɗan firamare ya zura yatsa cikin kuben wani ɗan sanda ya taɓa kunama, bindiga ta tashi tana cikin kuben. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Makullin ya yi aikinsa, ba a zare bindigar ba, amma akwai gibin da ƙaramin yatsa ya shiga. Kuben da ba a ƙera shi daidai da samfurin bindigar ba ya fi wannan haɗari, haka ma na jabu da ake tallatawa a intanet. Wanda ya taɓa sayen caja a Farm Centre ya san yadda jabu ke kama da na asali har sai ranar da ya ƙona waya.

Akwai ɓangaren da zai fi jan hankalin masu son na'urori. Kamfanin Axon ya fitar da wata 'yar na'ura mai suna Signal Sidearm da ake maƙalawa a kube. Da an zare bindiga, sai ta aika sigina ga kyamarar da ke ƙirjin jami'in ta fara naɗa. A ƙasar da aka saba jin an ce bindiga ce ta tashi bisa kuskure, kuma sau da yawa bidiyon wayar wani mai wucewa ne kaɗai shaida, wannan zai kare jami'in kirki kamar yadda zai kare talaka. Sai dai yana buƙatar kyamara, batir da ma'ajiyar bayanai, kuma duk kuɗi ne.

Abin da ba ya buƙatar kuɗi mai yawa shi ne a fitar da ƙa'ida ɗaya: kube mai tauri, wanda ya dace da bindigar, ya rufe kunama ruf, kuma babban yatsa ke buɗe shi. Sannan ɗalibi ya maimaita zarewa da mayarwa da bindigar da ba harsashi, yana gudu, yana haki, har hannunsa ya haddace. Gwajin yashi da zafi kuwa, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote tana nan cikin garin Wudil, da ɗaliban injiniya da ke neman aikin kammala karatu.