Giwa a Ƙofar Makaranta: Wa Za a Tuhuma?

Bahaushe ya ce giwa a garin wani zomo ce. Mutanen Marwa, babban birnin jihar Arewa Mai Nisa a ƙasar Kamaru, suna da ja a kan wannan karin magana, domin a watan Mayu na shekarar 2023 giwaye huɗu sun ratso cikin garinsu, kuma babu wadda ta rikiɗa ta zama zomo. Jama'a suka yi dafifi a bayansu, ana ɗaukar hoto. Mu kuwa wanda ya tsaya mana a rai shi ne duk uban da irin wannan labari zai iske a kasuwa, alhali ɗansa yana kan hanyar makaranta.

Akwai wasu masu rajin kare namun daji da ke ɗaukar fargabar wannan uba a matsayin jahilci. Hujjarsu ita ce giwa ba ta kai hari sai an tsokane ta. To, wa zai bayyana wa yaro ɗan shekara bakwai ma'anar tsokana? Ihu da jifa da guje-guje su ne abin da yara ke yi idan sun ga abin mamaki, su ne kuma ke harzuƙa giwa, musamman mai shayarwa. Toron giwa yakan kai nauyin tan 6. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ya sa a 2024, da Jamus ta nemi tsaurara dokar shigo da sassan namun dajin da aka farauto, shugaban Botswana na lokacin, Mokgweetsi Masisi, ya ce zai aika mata da giwaye 20,000, su ma su ɗanɗana zama da su.

Sai dai ba mu tare da masu cewa a ɗauko bindiga a huta. Giwayen da suka rage a Nijeriya ba su wuce 300 zuwa 400 ba, a warwatse a wurare irin su Yankari a Jihar Bauci da dajin Omo a Jihar Ogun. Giwa takan ci abinci har kilo 150 a rana, tana kuma da hanyoyin da kakanninta suka saba bi zuwa ruwa da kiwo. Mu ne muka nome waɗannan burtaloli, muka sare itatuwa don katako da gawayi, muka yanka filaye muka gina gidaje. Idan aka harbe huɗu bana, yunwa da ƙishirwa za su koro wasu baɗi.

Saboda haka hukuma muke tuhuma. Tsakanin 2020 da 2021 wani garken giwaye kimanin 15 ya baro gandun dajinsa a kudancin lardin Yunnan na ƙasar Sin, ya yi tafiyar kusan kilomita 500 har gefen birnin Kunming. Hukumomi suka bi shi da jirage marasa matuƙa, suka tare hanyoyi da manyan motoci, suka riƙa kawar da jama'a kafin ya iso, har aka lallaɓa shi ya juya kudu. Za a ce ai ba mu da kuɗin Sin. Gaskiya ne, amma akasarin abin da ake bukata ba ya cin kuɗi. A Kenya an gwada shingen amya, aka ga giwa tana gudun ƙudan zuma. A Yankari an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke. Me zai hana labarin motsinsu ya isa ga mai unguwa da hedimasta da gidan rediyo tun kafin a kaɗa ƙararrawar safe?

A 2024 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin kare giwaye na shekara goma. Muna maraba da shi, amma ma'auninmu ɗaya ne: a shata burtalolin giwa a hana gini a kansu, a biya manomi diyyar ɓarna, a koya wa malamai da ɗalibai abin yi ranar da giwa ta leƙo. Uban da ya hana ɗansa fita saboda tsoro ya sauke nasa nauyin. Saura waɗanda ke karɓar albashi da sunan tsaron daji da tsaron jama'a.