Ofishin Teku A Abuja: An Daɗe Ana Haƙon Mai, Maƙwabta Na Cin Kuɗin Nutso

Kowa ya san Abuja ba ta da teku. In an ɗauke tafkin Jabi da madatsar ruwa ta Usuma, to, babu wani ruwan a-zo-a-gani a babban birnin Tarayya. Amma duk da haka, a unguwar Wuse akwai wani ofis wanda aikinsa shi ne kula da wani yanki na teku mai faɗin murabba'in kilomita wajen 34,500, watau ya fi Jihar Kano girma nesa ba kusa ba. Wannan ofis shi ne na Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da ƙasar Sao Tome da Principe, kuma da wuya a sami mutum ɗaya cikin ɗari a Agege ko Idi-Araba ko Sabo ta Ibadan da ya taɓa jin labarinsa.

Asalin maganar shi ne, ƙasashen biyu sun kasa daidaitawa a kan inda iyakarsu ta tsaya a cikin ruwa. Maimakon a yi ta ja-in-ja, sai aka sa hannu a kan yarjejeniya a Abuja ran 21 ga Fabrairu, 2001, zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo da Shugaba Miguel Trovoada. Aka shirya cewa duk abin da aka samu a yankin, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome ta ɗauki 40, har tsawon shekara 45. Abin lura a nan, yarjejeniyar ba man fetur kaɗai ta ambata ba, har da sauran albarkatun ruwa, irin su kifi.

Ita dai Sao Tome da Principe tsibirai ne guda biyu da wasu 'yan ƙanana a gefensu, suna kudu da bakin kogin Kwara, a tsakiyar teku. Turawan Fotugal ne suka mulke su har zuwa ran 12 ga Yuli, 1975. Mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai na Ƙaramar Hukumar Dala yawa ba. Dattawan da suka ga yaƙin basasa za su tuna sunan, don daga can ne jiragen sama suka riƙa tashi da dare suna kai kayan agaji filin Uli. Haka kuma a watan Yuli na 2003, shugaban ƙasar na lokacin, Fradique de Menezes, yana Abuja wajen taro soja suka ƙwace mulki a bayansa, kuma bayan kamar mako guda Obasanjo da kansa ya raka shi gida aka mayar da shi kan kujerarsa. Ƙasa mai ƙanƙanta haka ba ta samun irin wannan gata a banza. A lokacin kowa ya ɗauka akwai kogin mai a ƙarƙashin ruwan.

To, man nan dai har yau shiru kake ji. Kamfanin Chevron da abokan haɗinsa sun biya dala miliyan 123 kuɗin sa hannu a kan fili na ɗaya, suka haƙa rijiya a 2006, aka ga alamar mai amma ba wanda zai mayar da kuɗi ba. Sinopec da Addax suka gwada a wasu filayen a 2009, Total ta karɓi fili na ɗaya ta haƙa a 2012, daga baya ita ma ta tattara nata ya-nata. Fiye da shekara 20 ke nan ba a sayar da gangar mai ko ɗaya daga yankin ba.

Da mutanen tsibiran suka ga jiran ya yi tsawo, sai suka waiwayi abin da Allah ya riga ya ajiye musu a bakin ƙofa. Ban da koko da suka gada, yanzu baƙi masu yawon buɗe ido suna cikin manyan hanyoyin samun kuɗin ƙasar, kuma daga cikin abin da ke kawo baƙin nan akwai nutso a teku don kallon halittun ruwa.

Ya kamata a yi wa mai karatu bayanin wannan nutso, don ba irin na masuntan Yawuri ba ne da mutum kan ja numfashi ya riƙe. Shi mai wannan nutso yakan goya tukunyar ƙarfe cike da iska wadda aka danna da inji, ya sa bututu a baki, ya sa tabarau mai rufe ido da hanci, ya kuma sa wasu takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. Wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, su ne suka ƙera na'urar a 1943. Da tukunya ɗaya mutum kan yi kusan awa guda a ƙasa in bai yi zurfi ƙwarai ba. Sabon shiga ba a yarda ya wuce zurfin mita 18 ba, gwanin da ke yi don nishaɗi kuwa iyakarsa mita 40. Dalili shi ne nauyin ruwa: duk mita 10 da aka sauka, matsin da ke kan jiki yakan ƙaru da kwatankwacin na iskar duniya gaba ɗaya. Wani ɓangare na iskar da ake shaƙa sai ya narke cikin jini, in kuwa mutum ya taso da gaggawa, sai ta yi kumfa a jijiyoyinsa kamar an buɗe kwalbar lemo bayan an girgiza. Wannan kan shanye jiki, yakan ma kashe. Shi ya sa sana'ar ba ta yiwuwa sai da makaranta da takardar shaida.

Wuraren da ake kai baƙi sun haɗa da ɗan tsibirin Rolas da ke kudancin Sao Tome, wanda layin da ya raba duniya biyu ya ratsa ta kansa, da tsibirin Santana a gabas, da wani lungun ruwa a arewa da ake kira Lagoa Azul saboda shuɗinsa. Da yake tsibiran duk duwatsu ne masu aman wuta da suka huce tun tuni, ƙarƙashin ruwan cike yake da koguna da ramuka da bangayen baƙin dutse, inda murjani da soson ruwa suka manne. A nan ake ganin kifaye masu launi iri-iri suna tafiya garke-garke, da wani dogon kifi mai kama da maciji da ke leƙowa daga rami, da wata halitta mai hannu takwas wadda kan sāke launinta ta saje da dutse. Daga watan Yuli zuwa Oktoba kuma, manyan dabbobin nan na teku da Bature ke kira wel sukan zo daga ruwan sanyi na kudancin duniya su haihu a wajen. Su ba kifi ba ne, nono suke ba 'ya'yansu kamar ayu, sai dai ɗaya kan fi giwa biyar nauyi. A 2012 hukumar UNESCO ta sa tsibirin Principe da ruwan da ke kewaye da shi cikin jerin wuraren da duniya ke tattalin halittunsu.

Labarin kififiyar teku ya fi kowanne dacewa a tsaya a kansa. Iri huɗu ne ke hawowa rairayin tsibiran da dare su haƙa rami su zuba ƙwai, kuma tun kaka da kakanni mutanen wurin suna cin namansu da ƙwansu, suna yin kayan ado da ƙoƙon bayansu. Da aka ga suna neman ƙarewa, sai gwamnatin ƙasar ta kafa doka a 2014 ta hana kamawa da sayarwa. Doka kaɗai da ba ta yi aiki ba, don yunwa ba ta san doka ba. Abin da ya taimaka shi ne wata ƙungiya mai suna Programa Tato ta ɗauki waɗansu daga cikin mafarautan da kansu ta mayar da su masu gadin bakin ruwa da albashi, matan da ke sayar da naman a kasuwa kuma aka koya musu wata sana'a. Kififiyar da dā za a yanka a ci rana ɗaya, yanzu baƙo ne ke biyan kuɗi ya kalle ta, ta koma ruwa, baɗi wani baƙon ya sāke biya.

Kada dai a zuzuta abin ya wuce kima. Sao Tome har yanzu matalauciyar ƙasa ce mai dogara da taimakon waje, manyan masaukan baƙin kuma galibi na 'yan kasuwar ƙetare ne, irin su attajirin Afirka ta Kudu Mark Shuttleworth da ya zuba jari a Principe. Ɗan ƙasa sau da yawa tuƙin kwalekwale da ɗaukar tukwanen iska ne rabonsa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a yi haka a Ikko ko Fatakwal, tun da Nijeriya na da gaɓar teku mai tsawon kilomita 853? Amsar tana Arewa. Jan ruwan nan da ake gani a Kwara da Binuwai da damina, duk ƙasar gonakin Kabi da Neja da Adamawa ce ke tafiya, kuma a teku take juyewa. Murjani ba ya son laka, ba ya son ruwan da gishirinsa ya tsinke, mai nutso kuma ba zai biya kuɗi ya shiga inda ba ya ganin tafin hannunsa ba. Tsibiran sun tsira ne don suna nesa da bakin kogi. Saboda haka duk wanda ya tsaya a Abuja ya ce za a cika Bar Beach da Turawa masu nutso, hira kawai yake yi.

Inda maganar ta shafi Abuja da gaske shi ne wajen kifi da wajen horar da mutane. A watan Agusta na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya kafa sabuwar Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, ya naɗa tsohon gwamnan Osun, Adegboyega Oyetola, ministanta na farko, daga baya aka ɗauke sashen kifi daga Ma'aikatar Gona aka mayar can. Alƙaluman da gwamnati kan bayar sun nuna ƙasar na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da ake samarwa a gida kuwa bai kai ko kusa da haka ba. Sauran daga waje ake sayowa da dala, kuma duk mai sayen ƙanƙararren kifi a Mile 12 ya san yadda farashinsa ya bi dalar. Ga yanki ya fi Jihar Kano girma, ga yarjejeniya ta halatta kamun kifi a cikinsa, ga Cibiyar Binciken Teku a Victoria Island tun 1975. Abin da ya kamata 'yan majalisa su tambayi ofishin na Wuse shi ne, ina lissafin kifin da ke wurin, kuma jiragen su wa ke kama shi?

Batun horo kuwa, labarin Harrison Okene ya isa misali. Shi kuku ne a wani jirgin jan jirage mai suna Jascon 4, wanda ya kife a teku daura da Escravos ran 26 ga Mayu, 2013, da mutum 12 a ciki. Jirgin ya sauka zurfin mita 30, shi kuwa ya sami wani ɗan lungu da iska ta maƙale, ya zauna cikin duhu da sanyi kusan awa 60. Masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da aka ɗauko don su fito da gawawwaki su ne suka ji hannu ya kama su. Ba su fito da shi kai tsaye ba, sai da ya ƙara kwanaki a ɗakin matsin iska, don da an taso da shi nan take da kumfar jini ta gama da shi. Shi kaɗai ya tsira, kuma daga baya ya shiga makaranta ya zama mai nutso da takardarsa. Aikin nan yana da albashi mai tsoka a wuraren haƙar mai, amma sau da yawa sai an nemo baƙi.

A Arewa ma bukatar ta fi tsanani. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Warra ta Jihar Kabi da mutane fiye da 100. Ran 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Ran 1 ga Oktoba, 2024, aka sāke yi a Gbajibo ta Mokwa da masu bikin Mauludi. A irin waɗannan wurare, masuntan gari ne ke faɗawa ruwa da numfashinsu kaɗai, minti ɗaya ko biyu su taso, su yi ta yi har kwana uku. Wanda ya taɓa ganin gasar Argungu ya san jarumtaka da sanin ruwa ba su ne suka yi ƙaranci ba.

A 2025 ma'aikatar ta fara rabon rigunan kariya daga Minna, kuma wannan abin a yaba ne. Sai dai riga tana amfani ne ga wanda ke saman ruwa. Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Cikin Gida tana ƙarƙashin wannan ma'aikata, hedkwatarta kuma tana Lakwaja, a mahaɗar Kwara da Binuwai. Ba abin da zai hana ta ɗauki 'ya'yan Sarakunan Ruwa na Yawuri da Mokwa da Ibi da Numan, ta koya musu aiki da tukunyar iska, ta ajiye kayan da injin cika su a manyan mashigai. Kwas ɗin farko na nutson nishaɗi na 'yan kwanaki ne. Na ceto a ruwa mai laka ya fi haka tsawo da wuya, amma watanni ne ba shekaru ba.