Faɗuwa Ba Mutuwa Ba Ce: Kaiserslautern Da Kofin 1998

Duk mai son ƙwallon ƙafa ya san halinmu na 'yan kallo. Da ƙungiya ta sha kashi sau uku a jere sai ka ji ana cewa a kori mai koyarwa, a sallami tsofaffin 'yan wasa. A ganinmu wannan gaggawa ita ke kashe ƙungiyoyi, kuma kakar wasa ta 1997/98 a ƙasar Jamus ta isa shaida.

A watan Mayu na 1996 ƙungiyar Kaiserslautern ta faɗo daga babban rukunin Jamus, wato Bundesliga, karo na farko tun da aka kafa gasar a 1963. A ranar aka ga Andreas Brehme, wanda ya ci wa Jamus ƙwallon da ta ba ta Kofin Duniya a 1990, yana kuka a kafaɗar Rudi Völler. Shekarunsa 35 a lokacin, kuma da ya ajiye takalmi ba mai ganin laifinsa. Amma ya bi ƙungiyarsa zuwa rukuni na biyu, haka ma Olaf Marschall da Pavel Kuka da Miroslav Kadlec. Aka kawo musu Otto Rehhagel, wanda Bayern Munich ta kora a watan Afrilu na wannan shekara. Korarre ya haɗu da faɗaɗɗu, cikin shekara guda suka dawo.

A wasansu na farko bayan dawowa suka je har gidan Bayern suka ci ta 1-0. Da ta zo garinsu a watan Disamba suka ƙara mata 2-0. Ranar 2 ga Mayu 1998 suka lallasa Wolfsburg 4-0, kofi ya tabbata. Suka gama da maki 68, Bayern 66, Marschall kuwa ya zuba ƙwallo 21. Babu wata ƙungiya da ta taɓa hawowa daga ƙasa ta ɗauki kofin Bundesliga a shekararta ta farko sai wannan, ta garin da mutanensa ba su fi dubu ɗari da 'yan kai ba.

Wasu za su ce sa'a ce kawai, tun da gidan Bayern na cikin rigima, har mai koyarwarsu Trapattoni ya fito gaban 'yan jarida a watan Maris yana faɗa da 'yan wasansa. To, sa'a takan ba da wasa ɗaya ko biyu, amma wasa 34 aka buga. Mu dubi Eintracht Frankfurt, wadda suka faɗi tare a 1996. Tun a ƙarshen 1994 ta samu saɓani da Anthony Yeboah da ɗanmu Jay-Jay Okocha. Yeboah ya tafi Ingila a 1995, Okocha ya nufi Turkiyya bayan faɗuwar. Sai a 1998 Frankfurt ta dawo, a shekarar da abokiyar faɗuwarta ke ɗaga kofi. Tsintsiyar da aka kwance ba ta shara.

Sai dai labarin yana da ɗaci a ƙarshensa, kuma bai kamata mu ɓoye shi ba. Bayan nasara shugabannin ƙungiyar suka so su yi kafaɗa da kafaɗa da masu kuɗi. Aka sayo 'yan wasa masu tsada, aka faɗaɗa filin wasa domin Kofin Duniya na 2006, bashi ya hau kansu. A 2006 suka sake faɗuwa, a 2018 suka gangara rukuni na uku, a 2020 suka kai kansu kotu cewa sun kasa biyan bashi. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Abin da faɗuwa ta kasa yi musu, nasara ta yi.

Saboda haka muna kira ga masu riƙe da ƙungiyoyi, manya da na unguwa, da mu 'yan kallo. In ƙungiya ta faɗi, a riƙe mutanen da suka yarda su tsaya, a ba mai koyarwa lokaci. In kuma ta tashi, a tuna daidai ruwa daidai tsaki, kada a ci bashin da jikoki za su biya.