Hular kwano don kanka aka yi ta, ba don 'yan Road Safety ba

1/
Jama'a, yau zan amayar da wata magana da na daɗe ina haɗiyewa. Shekara biyu ke nan da ƙanina ya faɗi a mashin yana dawowa daga kasuwar Sara. Yana da hular kwano. A ranar ma tana tare da shi, amma a hannun mashin take rataye. Ku biyo ni a hankali. 🧵

2/
Ba gudu yake yi ba, waɗanda abin ya faru a gabansu sun shaida. Akuya ce ta faɗo titi, ya taka burki, tayar gaba ta hau yashi, mashin ya zame. Irin faɗuwar da kowane ɗan acaɓa a Birnin Kudu ko Gwaram zai ce maka ya sha yin ta, ya tashi ya kaɗe rigarsa.

3/
Shi ma ya tashi ya kaɗe rigarsa. 'Yar ƙujewa a gwiwa, sai ƙulu a gefen kai na hagu, sama da kunne, inda ya bugi bakin kwalta. Mutane na yi masa sannu yana dariya. Ya tada mashin ya ƙaraso gida da kansa. Ya yi magariba a jam'i, ya ci tuwonsa.

4/
Bayan isha'i ya ce kansa na sarawa. Matarsa ta ba shi farasitamol. Can sai amai. Sai barci, ana tashinsa yana komawa. Wajen sha ɗayan dare ta kira ni tana kuka: "Yaya, don Allah ka zo, ba ya gane ni."

5/
A asibiti suka yi iya abin da za su iya, suka ce sai Kano, wurin likitocin ƙwaƙwalwa. Tafiyar fiye da kilomita 100, cikin dare, kansa a kan cinyata. Na bi hanyar nan ba adadi, amma ban taɓa sanin Wudil tana da nisa haka ba sai a wannan daren.

6/
Likita ya yi mana bayani. Ƙashin gefen kai, nan sama da kunne, yana cikin mafi rashin kauri a ƙoƙon kai, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. In ya tsage ya yanke ta, jini zai riƙa taruwa yana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai tashi garau, bayan 'yan sa'o'i ya fita hayyacinsa.

7/
An yi masa aiki, ya rayu, alhamdulillahi. Amma mutumin da ke saɓa buhun masara shi kaɗai, yau maɓallin riga sai an taya shi. Hannun dama ya raunana, magana sai a hankali. Mashin ɗin mun sayar. Shanun huɗa biyu sun bi shi. 'Ya'yansa uku yanzu a wuyanmu suke.

8/
Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tambayar da likitan ya yi min da asuba: "Ba shi da hular kwano ne?" Na buɗe baki na rufe. Me zan ce? Yana da ita, likita, amma ajiye ta yake yi sai ya hango masu kaki?

9/
Wannan shi ne ciwonmu. Mun ɗauki hular kwano kamar takardun mashin, abin da ake nuna wa ma'aikaci don a wuce. Tsaya a Babaldu ko Kwanar Huguma ka gani: mai hular ma in ya hango 'yan Road Safety sai ya kifa ta, yana wucewa ya tuɓe. Kai ka ce kwalta ma tashi take daga aiki in sun tashi.

10/
Kuma halin ba sabo ba ne. Ran 1 ga Janairun 2009 hukumar FRSC ta fara tilasta sa hular kwano a faɗin ƙasar nan, direba da fasinja. Me aka yi a Kano? Wasu suka kifa ƙwarya, wasu tukunya, wasu bokitin fenti. Har BBC ta ba duniya labari. Muka sha dariya.

11/
Dariyar ta wuce, dokar ta yi sanyi, kawuna suka ci gaba da fashewa. Mun yi wa hukuma wayo, amma wa aka cuta? Jami'in da ka zille wa gida zai koma ya ci abincinsa. Kai ne za a kwasa a bayan akori-kura.

12/
Ga lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO: kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya. Ta kuma ce hular kwano mai kyau, in an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da sau 6, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin 100.

13/
Da a ce wani mai magani ne ya kafa lasifika a kasuwar Sara yana tallar laya mai rage mutuwa sau shida, wallahi da layi sai ya kai titi. To ga layar nan a shago, an gwada ta an tabbatar, mun rataye ta a hannun mashin.

14/
Na san uzurorin, don ni ma da bakina na sha faɗarsu. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: "Ai nan kusa zan je." Ƙanina saura kaɗan ya iso gida ya faɗi. Akuya, yaro, rami da yashi duk sun fi yawa a cikin gari. Ƙasa ba ta tambayar inda za ka.

15/
Na biyu: "Ni ba na gudu." In kana zaune a mashin, kanka yana sama da ƙasa da kamar mita ɗaya da rabi. Ɗauki kankana ka sake ta daga nan a kan kwalta ka ga yadda za ta yi. Ko mashin a tsaye yake, wannan tazarar tana nan. Gudu ƙari ne kawai.

16/
Na uku: "Zafi." Wannan gaskiya ne, ba zan musa ba. Wanda ya yi acaɓa a Birnin Kudu a watan Afrilu ya san rana. Amma akwai hula mai buɗaɗɗiyar fuska da ƙofofin iska, ta fi sauƙi. Gumi kuma ruwa ke wanke shi. Ƙanina wata guda ya yi kwance, ko juyi sai an juya shi.

17/
Na huɗu: "Tsada." Komai ya yi tsada, na sani. Amma wanda ya iya haɗa kuɗin Boxer, yake zuba mai kullum, yake sa mata fitilu masu walƙiya da sabuwar rigar kujera, bai rasa kuɗin hula ba. Abin da muka kashe a daren farko kaɗai ya isa a saya wa tasha guda huluna.

18/
Na biyar: gayu. An sha shadda, an karya zanna bukar, ina za a kifa kwano a kai? Malam, sa zannarka a leda, in ka isa ka ɗora abarka. Ba wanda zai tuna da kwalliyar da ka yi a hanya. Amma kowa zai tuna ranar da aka kwashe ka.

19/
Na shida, na fasinja: "Ban san kan wa ta hau ba", ko tsoron an yi mata asiri a sace mutum. Tun 2009 ake yawo da wannan zance, ni dai ban taɓa ganin wanda hula ta ɓatar ba. Wanda rashinta ya nakasa kuwa a gidanmu yake. In ƙyanƙyami ne, ɗaura hankici kafin ka sa. In kullum kana hawa, sayi taka.

20/
Na bakwai, babban su: "In kwana ya ƙare ko da hula sai an tafi." Haka ne, ba mai ja. Amma kai da ka faɗi haka kana kulle shagonka da kwaɗo biyu, kana ɗaure mashin da sarƙa da dare. Me ya sa tawakkalin bai tashi ba sai a kan kanka?

21/
Tun muna yara malamai ke ba mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Akwai rayuwar da mutum zai shekara talatin ana ba shi abinci a baki. Wannan ɓangaren ne ba a faɗa a majalisa.

22/
To wace hula? Ba kowace ba. Hular da ma'aikatan gini ke sawa, an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama, ba don faɗuwa daga mashin ba. Da ka faɗi za ta yi nata wuri. Ita ma 'yar robar nan mai kama da rabin ƙwarya, wadda ba ta rufe gefen kai da ƙeya, kusan ado ce.

23/
Hula ta gaske hawa biyu ce. Ɓawon waje mai tauri yana baza ƙarfin bugu. Na ciki, farin soso mai tauri irin wanda ake tallafe sabuwar talabijin da shi a kwali, shi ke murƙushewa ya shanye bugun a madadin ƙwaƙwalwarka. Leƙa ciki kafin ka biya. In babu shi, ajiye musu kayansu.

24/
Duba tambarin ECE ko DOT a bayanta, amma kar ka dogara da shi kaɗai, don akwai na jabu. Ta kama kanka, ba ta yi ta rawa ba. In ta taɓa shan bugu mai ƙarfi, aikinta ya ƙare ko da ba ka ga tsaga ba, sai a sake wata.

25/
Sannan a ɗaure igiyar haɓa. Don Allah a ɗaure. Hular da ba a ɗaure ba tana riga mai ita isa ƙasa. Ka bar sararin da yatsa ɗaya ko biyu za su shiga, shi ke nan.

26/
Ba kai kaɗai ba. Silifas ba takalmin tuƙi ba ne, yatsu nawa suka tafi a haka. Sa takalmi rufaffe. Safar hannu, don in za ka faɗi tafin hannu kake fara kaiwa. Gilashi saboda ƙura da ƙwari, musamman da hunturu. Da dare kuma riga mai ƙyalli, mai tirela ya gan ka tun daga nesa.

27/
Iyayenmu mata da 'yan'uwa: hijabi da abaya da gefen zani, a tattare su a cinya kafin mashin ya tashi. In taya ko sarƙa ta kama hijabi, ta wuya yake fizgo mace ƙasa. Direba, juya ka duba kafin ka ja. Masu babbar riga, ku ma da ku nake.

28/
Sai yara. Uku a baya, ɗaya a kan tanki, za a kai makaranta. Ƙoƙon kan yaro bai kai na babba ƙwari ba. Ga samarinmu ranar kai amarya, ana ɗaga tayar gaba ana miƙewa tsaye, 'yanmata na guɗa. Ba sau ɗaya ba gidan biki ya koma gidan makoki.

29/
Kar a ce ba zai yiwu a ƙasar zafi ko ƙasar talakawa ba. A Kigali ta Ruwanda ɗan acaɓa da hula biyu yake yawo, tasa da ta fasinja. Biyetnam ta tilasta wa kowa a Disambar 2007, cikin ɗan lokaci ta zama jiki. Su ma mutane ne, su ma suna gumi.

30/
Mu nan mashin ba abin marmari ba ne. Shi ne motar asibitin mai naƙuda daga Fagam ko Basirka, shi ne motar kasuwa, shi ne hanyar gona. Ba za mu daina hawa ba, kuma ba na goyon bayan a hana. Tunda da shi za mu rayu, sai mu koyi hawansa da kai a rufe.

31/
Roƙona ga shugabannin tashoshin acaɓa na Birnin Kudu da Gwaram: kuna iya hana mutum lodi in bai biya kuɗin ƙungiya ba. To ku hana wanda ba shi da hula. Maganarku ta fi ta jami'i shiga, don ku kullum kuna tare da su.

32/
Masu ba da mashin a biya da kaɗan-kaɗan, ku haɗa da hula biyu a cikin lissafin. 'Yan siyasa masu rabon mashina na tallafi, mashin ba hula rabin alheri ne. Limamanmu, minti biyar a huɗubar Juma'a zai kai inda allon gefen titi ba zai kai ba.

33/
In kuma tsautsayi ya faru: kar a finciki mutum a ɗaga, a tallafe kai da wuya su zauna a miƙe. Kar a fizge hular. Kar a ɗura wa wanda ya suma ruwa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, ku adana ta yanzu.

34/
Wanda ya bugu a kai, ko ya ce lafiya lau, a sa masa ido. Amai, barci mai nauyi, ciwon kai mai ƙaruwa, ruɗewa, jijjiga, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, raunin hannu ko ƙafa: asibiti nan take. Muna da FMC a Birnin Kudu, kar a jira gari ya waye. Mu mun yi jinkirin sa'o'i, muna biya har yau.

35/
Hular ƙanina tana ɗakina, ƙarce ɗaya ne kawai a jikinta. Ni nake sa ta yanzu. Abokai na tsokanata wai ɗan sama jannati, ina dariya ina ɗaure igiyata.

36/
Kafin in rubuta wannan sai da na nemi izininsa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, sannan ya ce: "Yaya, ka gaya musu su sa."

To na gaya muku. Ku tura wa duk wani mai mashin a gidanku. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kai mu gidajenmu lafiya.